Yadda Zaka Kula Da Sharar Da Ba Kwal Ba A Mahaƙar Kwal Ta Buɗaɗɗen Fili

Ranar da aka fara ɗora min wannan aiki dariya abokan aikina suka dinga yi, wai na sha karatu na ƙare a sarkin bola. Ni kaina na ji ba daɗi, don a mahaƙa duk wanda ba ya kusa da katafila ko wurin fasa dutse kallon ɗan rakiya ake masa. Sai da na daɗe a ciki na gane cewa a filin da ƙasar da kake takawa ita kanta makamashi ce, shara ba ƙaramin abu bane. To idan kai ma an miƙa maka wannan aikin, ko kana neman aiki a irin wuraren nan, ga yadda ake yi, daidai gwargwadon abin da na gani da wanda na karanta.

Da farko ka san abin da ake nufi, don mutane na cakuɗa abubuwa uku wuri ɗaya. Akwai ƙasa da duwatsun da ake yayewa daga saman kwal kafin a kai gare shi, wannan ana mayar da su cikin ramin ne daga baya. Akwai dusar kwal da dattin da ke fita idan an tace shi ko an wanke shi, shi ma da nasa wurin da nasa ƙa'idar. Sai na uku, wato duk tarkacen da aikin kansa ke haifarwa wanda ba daga ƙasa ya fito ba, baƙin mai, giris, fenti, ragowar man gas, tsummokaran gareji, filta, batir, tayoyi, katako, kwalaye, leda, sauran abincin ma'aikata, matattun injina da aka yar. Wannan na ukun shi ne naka.

Amurka ce ta fi zayyana maganar dalla-dalla. A ranar 3 ga Agusta 1977 shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ke kula da haƙar kwal ta saman ƙasa da gyara filin bayan an gama, kuma a cikin ƙa'idojin da suka biyo bayanta akwai sashe guda, mai lamba 816.89, wanda ba shi da wani aiki sai wannan sharar. Gajere ne sosai, sakin layi uku ne kawai, amma ni dai ban ga abin da ya rage ba. Ba doka bace a kanmu, mu a Najeriya muna da dokar ma'adinai ta 2007 da hukumar kare muhalli ta NESREA da aka kafa a shekarar, Nijar ma da nata tsarin, kuma takardar izininka ita ce gaba da komai. Amma kwal ɗin Maiganga a jihar Gombe, da na Okaba a Kogi, da na Anu Araren kusa da Cirozerin a arewacin Agadas, duk yadda na Amurka ke kamawa da wuta haka su ma suke kamawa, don haka ma'aunin nasu na da amfani a wurinmu.

Bari in baka labarin da ya sa bana wasa da wuta. Akwai wani ƙaramin gari a jihar Pensilbeniya sunansa Centralia, garin masu haƙar kwal ne. Hukumar garin ta mayar da wani tsohon ramin haƙar kwal na saman ƙasa ya zama juji, wanda ka ga ai dabara ce mai kyau a ido, rami ne a banza ga shara na neman wuri. A ƙarshen watan Mayu na 1962, ana shirin bikin tunawa da sojojin da suka mutu, ga jujin kusa da maƙabarta, sai aka ce a ƙone sharar a tsaftace wurin. Aka ƙona, aka zuba ruwa, aka watse ana ganin ta mutu. Ba ta mutu ba. Abin da mafi yawan masu bincike suka tsaya a kai shi ne shingen yumɓun da ya kamata ya raba shara da kwal ba a kammala shi ba, akwai kafa, ta nan wutar ta bi ta shiga tsofaffin ramukan da ke ƙarƙashin garin. A 1981 ƙasa ta tsage da wani yaro ɗan shekara 12 a bayan gidan kakarsa, saiwar bishiya ya riƙe har ɗan uwansa ya jawo shi, ramin na fitar da tururi mai guba. Majalisar dokokin Amurka ta ware dala miliyan 42 don tashin mutane, garin da ke da mutum sama da 1,000 a 1980 ƙidayar 2020 mutum 5 ta samu a ciki, kuma har yanzu wutar na ci a ƙarƙashi. Daga ƙona bola fa. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Shi ya sa ƙa'idar Amurkan ta ce ramin da zaka binne shara kada ya kusanci inda kwal ya leƙo a jikin ƙasa, ko inda ake tara kwal, da ƙasa da ƙafa 8, wato kusan mita biyu da rabi. Ni a wurina ƙafa 8 ɗin nan ƙarshen ƙaranci ne, idan kana da fili ka ninka shi sau goma babu wanda zai kama ka. Kuma ta hana zuba shara cikin tarin dusar kwal ko cikin madatsar da ake tara ruwan wankin kwal, kwata-kwata, babu wani lokaci da ya halatta. Dalili a fili yake, tarin dusar kwal da kansa yana iya ɗaukar zafi har ya kama wuta ba tare da ashana ba, iska ce kawai ke shiga tsakaninsa, to ka je ka ƙara masa katako da tsumman mai, ka ba shi abin hura wuta kenan. A jikin madatsa kuwa katako da leda suna ruɓewa ko su bar gurbi, ruwa ya samu hanya.

To aikin farko ba tono bane, yawo ne. Ka ɗauki littafi da biro ka zagaya sati guda cur, gareji, sito, wurin shan mai, wurin wankin motoci, kicin, masaukin ma'aikata, ɗakin shan magani in akwai, har bayan ɗakin maigadi. Ka rubuta me ke fita daga kowane wuri, nawa, kuma ina yake zuwa a yanzu. Kar ka tambayi oga, ka tambayi yaran kanikawa, su ne suka san inda ake juye baƙin mai in dare ya yi. Zaka sha mamaki, don a takarda komai na da wurinsa, a ƙasa kuwa zaka tarar da wani kwazazzabo bayan gareji wanda kowa ya sani amma ba wanda ya taɓa ambata. Kada ka yi faɗa a satin nan, in ka fara faɗa bakinsu zai rufe. Sito ma ka duba littafin abin da aka sayo, in an sayi duro goma na man inji a wata amma baƙin man da ka tara bai kai rabin haka ba, ka san inji na cinye wani, amma ba ya cinye wannan duka, sauran yana wani wuri.

Daga nan sai rabawa, kuma a inda sharar ta fito ake raba ta, ba a bakin rami ba. Da zarar giris ya haɗu da kwali da ragowar shinkafa a tifa ɗaya shikenan, babu mai sake tsince su. Ni kashi uku nake yi a kaina ba tare da wani dogon turanci ba, abin da ake sayarwa ko a mayar wa mai shi, abin da ke da guba dole ya fita daga filin zuwa hannun masu lasisi, sai abin da ya rage wanda shi kaɗai ne zai shiga rami. In ka yi shi da kyau zaka ga na ukun nan bai da yawa. Durorin shara ka shafa musu fenti kala daban-daban ka zana hoton abin da ake sawa a jiki, don ba kowane lebura ke karanta boko ba, wanda ma ya iya ba zai tsaya karatu da hannu duk mai ba.

Baƙin mai shi ne babban ciwon kai, nan zan daɗe. Babbar motar ɗaukar ƙasa in an zo juye mata mai ba irin na ƙaramar mota bane da zaka tara a galan, ga man haidurolik ga man giya, kullum gareji na fitar da shi. Hukumar kare muhalli ta Amurka na yawan cewa galan ɗaya na baƙin mai na iya ɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha, ko ka ɗauka an ɗan kai maganar ƙarshe, ka ɗiga ɗigo ɗaya a bokitin ruwa ka ga yadda yake bazuwa. Abin da zaka yi, a yi daɓen siminti, a zagaye shi da ɗan gini kamar kwami, a ɗora rufin kwano, tanki ko durorin su zauna a ciki. Girman kwamin yadda aka saba shi ne ya iya ɗaukar duk abin da ke cikin tanki mafi girma da ƙarin kashi 10 cikin 100, don in ya fashe da dare komai ya tsaya a ciki. Rufin kwanon nan kada a ce za a yi daga baya, in babu shi damina ɗaya zata cika kwamin da ruwa, wani ya zo ya buɗe famfon ƙasa ya sake ruwan da man duka, an koma gidan jiya. Famfon ka sa masa kwaɗo, makullin a aljihunka.

Kowane duro a rubuta abin da ke ciki da ranar da aka fara zubawa, murfi a rufe, mazurari a kai. Kuma kada a haɗa. Bakanike zai ga duron baƙin mai a buɗe sai ya juye masa tina, wato ruwan tsinke fenti, ko ruwan wanke kayan inji ko ragowar fenti, a ganinsa ai duk datti ne, alhali ya lalata duron gaba ɗaya, man da masu tacewa za su saya da kuɗi ya koma abin da kai zaka biya a ɗauke. A Amurka har awo suke, in sinadaran irin na kulorin sun wuce kashi 1,000 cikin miliyan a cikin man, ana ɗauka an gauraya shi da shara mai haɗari sai in ka kawo hujjar akasin haka.

Akwai wata shawara da wani zai kawo maka tabbas, ranar da ƙura ta dami kowa, zai ce a yayyafa baƙin man a hanyar motoci ya kwantar da ƙura, an jefi tsuntsu biyu. Ka ce a'a. Garin Times Beach a jihar Misuri haka aka yi musu a shekarun 1970, man da aka fesa a tituna ashe an gauraya shi da guba mai suna dayoksin, a 1983 gwamnati ta saye garin ta tashi kowa. Ko man naka ba shi da wannan, ruwan farko zai wanke shi zuwa rafi. Ruwa ake fesawa a hanya. Haka masu zuwa roƙon baƙin mai don shafa wa katakon rufi saboda gara ko zubawa a masai saboda sauro, na san al'ada ce kuma hana su na da wuya don maƙwabta ne, amma masai da rijiya a ƙauye sau da yawa taku kaɗan ne tsakaninsu.

Filta kuwa ka huda ta tun tana da ɗumi, ka kifa ta a kan raga bisa tire ta kwana tana tsiyaya, awa 12 ake so. Zaka ga man da ke fita daga filtar da ake cewa babu komai a ciki. Bayan nan a matse ta a sa cikin ƙarafa. Tsummokara da garin katakon da aka tsane mai da shi, duron ƙarfe mai murfi, nesa da inda ake walda.

Ruwan lagireto, wannan koren ko jan ruwan da ake zuba wa inji don sanyaya shi, mutane sun raina shi don ba ya baƙi ba ya wari. Zaƙi gare shi, dabba na sha da son ranta, kuma yana kashe ƙoda. A wani wuri da na yi aiki an juye shi a rabin duro aka bari a bayan gareji, wayar shinge ta yanke a gefen, awakin ƙauye suka shigo da rana tsaka. Washegari da safe wani dattijo ya zo bakin get da akuya a kafaɗar ɗansa, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, ɗana, me kuke ajiyewa a bayan can? Na ce Baba ka yi haƙuri mu je in gani. Muka je, ga sawun kofato zagaye da rabin duron, ruwan ya ragu. Kuɗin akuya an biya, amma kunyar da na ji a gaban tsohon nan ba ta biyuwa. Tun daga ranar jarkar da ake rufewa nake sa a zuba shi, kuma nake bin waya da ƙafa duk Juma'a.

Batir kada ya kwana a ƙasa, kada ya shiga rami ko da wasa. A jera su tsaye a kan katako cikin inuwa, bisa daɓe, ba a ɗora wani kan wani ba tare da kwali a tsakani ba, wanda ya tsage a sa shi cikin roba mai kauri. Mafi sauƙi ka sa a cikin yarjejeniyar saye cewa mai kawo sabo shi zai tafi da tsoho. Abin da nake tsoro shi ne masu fasa batir da gatari su zubar da ruwan a ƙasa su narka dalmar a tukunya a cikin unguwa. Duk wanda ya tuna abin da dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka mutu, ya san ba abin wasa bace, can daga dutsen zinariya ta fito amma dalmar ɗaya ce. Tsohuwar tiransifoma ma kar ka bari a buɗe ta a sayar da man ciki, tsofaffin na iya ƙunsar sinadarin PCB mai guba wanda Amurka ta hana yinsa tun 1979, sai an gwada tukuna.

Duron da babu komai a ciki, wannan shi ne abin da aka fi roƙo, don kowa na son duron tara ruwa. A ƙa'idar Amurka ma sai abin da ya rage a gindinsa bai wuce inci ɗaya ba ake kiransa wanda babu komai, ka ga kenan ko wanda aka kira haka da saura. Wanda mai kaya zai karɓa a mayar masa, wanda ba zai karɓa ba a huda shi a gindi da gefe ko katafila ta taka shi kafin ya fita. Za a ce maka mugu. Kuma kar wani ya kusanci duron da ya taɓa ɗaukar fetur ko tina da wutar walda wai zai yanka, tururin da ke ciki ya fi man kansa haɗari.

Tayoyi kuma. Tayar manyan motocin da ake amfani da su a manyan mahaƙu irin na jihar Wayomin ta Amurka tsayinta ya kai mita 4, nauyinta wajen tan 5, namu ba su kai haka ba amma su ma ba a ɗaga su da hannu. Taya ba ta ruɓewa, tana tara ruwa sauro ya yi gida, in ta kama wuta kuwa sai Allah, a Hagersville ta ƙasar Kanada tarin tayoyi ya ci kwana 17 yana ci a 1990. Kada ka tara su dala ɗaya, ka yi ƙananan tari da tazarar da mota zata iya wucewa tsakani, ka share ciyawar kewaye kafin hunturu, ka huda su ruwa ya dinga fita. Wasu ana jera su gefen hanyar motoci a matsayin alama, masu takalman taya da gugar rijiya ma na ɗiba. A Ostireliya da yawa ana binne su ne a cikin ramin haƙar da izinin hukuma, amma wannan sai takardarka ta faɗa ƙarara, kuma ba a kusa da kwal ba, kuma a can ƙasa sosai don taya guda in an binne ta sama-sama tana tasowa a hankali ta fasa rufin.

Ƙarafa da matattun injina kuɗi ne, matsalarsu kawai a tsiyaye mai da ruwa da ciro batir kafin a kai su filin ajiya, sannan a sayar kan sikeli da rasit. Yan gwangwan ka yi musu rana da wuri a wajen get, kar su shigo cikin fili, motar da direbanta ke zaune sama kamar bene ba ya ganin yaro da buhu. Buhunan takin da ake haɗa nakiya da shi da kwalayen abin tayar da ita, waɗannan ba naka bane, mai fasa dutse ne ke da alhakinsu bisa yadda kamfanin da ya yi su ya tsara, kai dai naka ka tabbatar ko ɗaya bai shigo duron shara ba, kuma ba a ba kowa buhun ya zuba hatsi ba.

Yanzu ramin. In akwai jujin da hukuma ta amince da shi a kusa kuma ana kula da shi, kai sharar can ya fi maka kwanciyar hankali. In babu, wanda shi ne galibi tunda mahaƙa a daji take, sai ka yi naka a cikin filin izini, a wurin da aka nuna a taswira hukuma ta sani. Ka zaɓi tudu, ba hanyar ruwa ba, ba fadama ba, nesa da rafi da rijiyoyi, dokar Amurka ƙafa 100 ta ware tsakanin aikin haƙa da rafi, ƙafa 300 tsakaninsa da gidan da mutane ke ciki, kai ka ƙara. Ka je wurin a watan Agusta ka gani da idonka, filin da ke bushe ƙayau a Maris yana iya zama tafki. Ka zauna da mai tsara haƙa ka tambaye shi nan da shekara biyar ina ramin kwal zai kai, don ba abin haushi kamar ka binne shara katafila ta zo ta tone ta. A tona ramin gwaji a ga inda ruwan ƙasa yake, a ga kuma ko akwai siririn layin kwal da ba a damu da shi ba don bai kai a haƙa ba, irin wannan ne ke yaudarar mutane, bai isa sayarwa ba amma ya isa ɗaukar wuta.

Gindin ramin da bangonsa a shimfiɗa yumɓu a daddaɓe. Ba a zuba shi tari ɗaya, kaɗan-kaɗan ake yi, a yayyafa ruwa rola ta bi, a ƙara wani, har ya kai kaurin ƙafa 2. Gwajin da nake yi da hannu, in ɗebi yumɓun in murza shi tsakanin tafuka, in ya yi igiya kamar kaurin fensir bai karye ba to ruwansa ya yi daidai, in ya wargaje ya bushe, in ya manne a hannu ya jiƙe da yawa. Wannan ba ya maye gurbin awon ɗakin gwaji, amma yana hana a yi maka aikin banza. In da hali a ɗora baƙar leda mai kauri ta musamman a kai, ta milimita ɗaya da rabi. Kuma kar a bar yumɓun a rana ya tsattsage kafin a fara zuba shara, a rufe shi da yashi ko ƙasa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Gindin ya ɗan karkata gefe ɗaya zuwa wani ɗan rami da za a dinga kwashe ruwan da ya tsatso daga sharar, ta sama kuma a ja lambatu ya zagaye ramin don ruwan sama da ke gangarowa ya kauce. Ruwan da bai taɓa shara ba ka bar shi ya wuce da tsaftarsa, duk wanda ya shiga ya zama naka.

Zuba shara ba a ko'ina cikin ramin ba, ɓangare ɗaya ƙarami ake buɗewa, a baza, katafila ta bi ta kai ta dawo sau uku huɗu, a rufe da ƙasa. A manyan jujin birane na Amurka inci 6 na ƙasa ake rufawa duk ƙarshen yini, kai in shararka kaɗan ce ka sa ranakun zubawa biyu ko uku a sati, duk ranar da aka zuba a rufe kafin a tashi. Ƙasar rufi ka tabbatar ba mai haɗe da kwal bace, direba zai ɗebo wadda ta fi kusa da shi, baƙa-baƙa, ka mayar da shi. Tarin ƙasa ya kasance a gefe kullum, shi ne maganin wuta in ta tashi, ƙasa ta fi ruwa a nan. A kewaye da waya a sa ƙofa da kwaɗo, a kafa raga ta ɓangaren da iska ke kaɗawa don ledoji, in ba haka ba duk ƙayar da ke gonakin mutane sai ta yi tuta.

Ƙonawa babu. Ko kaɗan, ko kwali ne. Wanda ya fi ba ni wahala ba ma'aikatan rana bane, masu gadi ne a cikin sanyin Disamba da Janairu, mutum na rawar ɗari ga katako ga kwal a gabansa, me kake so ya yi. Faɗa bai yi aiki ba, abin da ya yi aiki shi ne aka saya musu rigunan sanyi da barguna aka gyara tagar ɗakin gadin. Toka mai zafi daga kicin ma sai ta kwana an jiƙa ta kafin ta shiga duro. In ka ga wani siririn hayaƙi ko ka ji wari kamar na ƙonannen roba daga inda aka riga aka rufe, ko ƙasa ta lotsa wuri ɗaya, kada ka sa a tone da gaggawa iska ta shiga, ka killace wurin ka kira manya.

Littafi. Duk abin da ya fita get a rubuta, rana, me ne, nawa, wa ya ɗauka, lambar mota, ina za a kai, a karɓo takardar shaidar an kai. Mai ɗaukar baƙin mai ka je da kanka ka ga inda yake kaiwa ko sau ɗaya, don in ya juye a kwari sunan kamfaninku ne a jikin duron. A Amurka masu duba aiki na zuwa aƙalla sau ɗaya a wata, cikakken bincike kuma duk wata uku, a nan ba lallai ka ga kowa haka ba, to ka zama mai duba kanka, ka ɗauki hoto da waya daga wuri ɗaya duk wata. Ruwan rijiyar da ke gangaren ramin a gwada shi kafin a zuba sharar farko, a ajiye sakamakon, shi ne abin da zaka kwatanta da shi daga baya.

Idan ramin ya cika, ƙa'idar ita ce aƙalla ƙafa 2 na ƙasa a kai, wajen santimita 60, a yi masa ɗan doro kamar bayan kunkuru don ruwa ya zame, gefen kada ya yi tsaye, a mayar da ƙasar sama mai taki da aka ajiye tun farko, a shuka ciyawa. Gamba na riƙe ƙasa da kyau, bishiya mai doguwar saiwa kuwa a gefe za a sa ta ba a tsakiya ba. A Amurka kuɗin ajiyar da kamfani ya bai wa hukuma jinginar cewa zai gyara filin ba a sakar masa duka sai shukar ta yi shekara 5 tana tsaye, shekara 10 a inda ruwan sama bai wuce inci 26 a shekara ba, wanda in ka auna da yankin Agadas ka san wanne ya shafe su. Sharar na ci gaba da zama a hankali, don haka bayan ruwan farko da na ƙarshen damina ka koma ka taka wurin da ƙafa, inda ya lotsa a cike, inda ruwa ya fara yanka a toshe. Kusurwoyin huɗu a kafa musu turakun siminti, a ɗauki lambobinsu da GPS a sa a taswirar mahaƙa, kwafi ɗaya ga hukuma, ɗaya ga mai gari, a gaya masa a gaban mutanensa cewa nan ba a haƙa rijiya ba a yin gini.